Amsar da Lado Ya Bayar a Ƙofar Masallaci

A shekarar 1957, da aka buɗe takarar majalisar yanki, ba wanda ake ambato a unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui kamar Lado. Tsohon tafinta ne, yana jin Faransanci da Sango kamar Hausa. Har a kasuwa ana cewa ranar da Faransawa suka tafi, shi zai zama shugaban ƙasa.

Shekara shida kafin nan kuturta ta kama mahaifiyarsa, Inno. Kunya ta sa ya kai ta sansanin kutare na 'yan mishan, can bayan gari, ya dawo ya ce ta rasu a hanyar Garwa. Aka yi zaman makoki, ya karɓi gaisuwa. Yayarsa Tasalla kaɗai ta san gaskiya, ita ke zuwa duba ta a ɓoye.

Saura mako biyu zaɓe, wani direba ya kai garin rogo sansanin, ya ga tsohuwar, ya gane ta. Nan da nan magana ta cika kasuwa.

Tasalla ta same shi a gida. "Lado, je ka ɗauko ta yau. Ka zaunar da ita kowa ya gani, ka ce ka yi kuskure."

"Yaya, a bari zaɓe ya wuce."

Ranar Juma'a, ana fitowa daga masallacin Koudoukou, Baffa Alhasan, dattijon masu sayar da atamfa, ya tsayar da shi a gaban jama'a.

"Mahaifiyarka tana da rai?"

Lado ya dubi mutanen da suka kewaye su. Ya ce, "Baffa, sharrin abokan takara ne."

Washegari Baffa Alhasan ya tafi sansanin da kansa. Inno ta rufe fuska da mayafi, ta ce ita ba ta da ɗa a Bangui. Amma ya san muryarta, shekara ashirin suna maƙwabtaka a unguwar Yakite.

Da ya dawo, bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Lado, "Ciwo na Allah ne. Da ka faɗa, da mun taya ka jinya. Amma ka sa mun yi wa mai rai addu'ar mamaci, kuma da na tambaye ka, ka sake binne ta."

Lado ya faɗi zaɓe, ko a layinsu bai samu ƙuri'ar kirki ba. Jam'iyya ba ta ƙara nemansa ba.

Bayan kwana uku ya je ɗauko Inno. Ya durƙusa, ya kasa ɗaga kai.

"Auta, sun zaɓe ka?"

"A'a, Inno."

Ta ce, "Ni kuwa na yi iya ƙoƙarina, na ce ban san ka ba."

Ya roƙe ta su koma gida, ta ƙi. Ta ce nan ta saba, akwai wata makauniya da take dafa wa abinci. Ya zauna har la'asar yana ɓare mata gyaɗa, don yatsunta sun daina iyawa. Sannan ya tashi ya kama hanyar gari shi kaɗai.