Ƙofar Ƙarfen da Ba a Sa Hannu an Karɓa Ba

Shekara arba'in ina walda, ba a taɓa dawo mini da aiki ba. Gidan da hukuma ke tsare mutane suka ce in yi musu ƙofar ƙarfe. Na yi, na kai.

Ƙa'idata ɗaya ce: in ɗaura da noti, in gwada daga ciki, sannan in liƙe da wuta. Na shiga ɗakin da jakar kayan aikina, na ce wa mai gadi ya kulle. Na jijjiga, ko motsi. Ina cikin jin daɗi lokacin tashinsa ya yi, ya miƙa wa wani mai gadin makulli ya tafi.

Na ce wa sabon, "Ɗana, buɗe."

"Baba, ina takardar sakinka?"

"Ba kama ni aka yi ba."

Mutum biyar na tarar a ɗakin. Wani tela a cikinsu ya matsa mini a tabarma. "Zauna, malam. Ni bana shekarata uku ba a kama ni ba."

Kwana tara na yi. 'Yata ta ɗauko lauya. Alƙali ya ce ba ya sakin mutumin da babu shi a fayil. Shugaban gidan ya zo da kansa, cikin ladabi, ya ce in zaɓi ƙaramin laifi in amsa, a kama ni, a yi mini afuwa.

'Yata ta ce, "Baba, ka dangwala yatsa kawai mu tafi gida."

Na ce laifin da ban yi da ƙuruciya ba, ba zan amsa shi da furfura ba.

Na tambayi shugaban, "Me ya hana ku karɓe jakata?"

"Kayan wanda aka kama ake karɓa."

"Ƙofar fa, kun sa hannu kun karɓa?"

Ya duba takardunsa. "Tukuna."

"To har yanzu tawa ce."

Na ciro sifana na kwance notuna shida. Ƙofar da nauyi, mutanen biyar suka kama mini.

A bakin get soja ya buɗe littafi. An rubuta mai walda ya shiga da ƙofa ɗaya. Ya nuna su tela. "Waɗannan fa?"

Na ce, "Kai za ka ɗauka?"

Ya neme su a jerin tsararru, babu ko ɗaya. Ya ɗaga sandar get muka wuce.

Ƙofar tana jingine a shagona. Sau biyu suna aikowa in mayar. Na ce su zo da takarda.