Layi Na Goma

…kuma wai ni ne mai taurin kai. Ni, Nereida! Ni Rigoberto, da duk garin Paterson ake kwatance da gashin bakina. Da kina raye da kin ga abin da 'yarki Yanelis take min. Kwana tara takardar nan tana manne a madubin motar askirim. A madubi fa, inda ta san sau ɗari nake leƙawa a yini. Halinki sak.

Sa hannun uba kaɗai ake jira. Yau ƙarfe biyar za su rufe karɓa. Yanzu uku da… bar shi dai.

Takardar izini ce, ta je ta yi sati takwas a ɗakin binciken kimiyya a Boston, tana leƙen ƙwayoyin cuta. Hutun bazara ɗungurungum, na ƙarshe kafin ta nemi jami'a. Malamar da ke ba su shawara ce ta hure wa Yanelis kunne, wai fom ɗin jami'a layi goma gare shi, kowane layi abin da yaro ya yi da lokacinsa, kuma dole ya ɗauki ido. Na ga jerinta a teburin kicin. Muhawara, gudu, koya wa yara lissafi a coci… tara ta cika. Na bi da yatsa har ƙasa ina neman kaina. Bazara shida a motar nan, tun tana taka akwatin lemo kafin ta kai taga — babu. Na goma wayam, yana jiran Boston.

Ba zama na yi ba, kin san mijinki. Ranar farko na ce tabarau ya ɓata, ta zaro shi daga aljihuna. Washegari na naɗe hannun dama da bandeji, wai murfin firiza ya datse ni. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Sannu Baba. Ai da hagu kake rubutu." Mutum ya haifi alƙali a gidansa! Rana ta uku na dafe ƙirji… a'a. Na fara, sai na ga fuskarta, irin wadda ta yi a barandar asibiti ranar da kika — na ce mata gyatsa ce ta tokare ni.

Ga tsohuwa Fefa a taga, mai kwakwa take so. Wai yau kiɗan motata kamar na rakiyar gawa, ko budurwa ce ta yaudare ni? Na ce wace mace ce za ta iya barin wannan fuskar? Tana ta dariya. Ke da 'yarki, biyu ke nan, Nereida, in an ƙirga.

Wa zai riƙa ce min na cika surutu da kwastoma? Wa zai kashe kiɗan nan in mun zo kwanar maƙabarta?

Shekarar da kika tafi, ina fita tana barci, takardun makaranta na taruwa. Na zaunar da ita, tana 'yar shekara goma, na koya mata sa hannuna. Ƙatuwar R mai jela, a murɗe kamar gashin baki. Sati ɗaya ta fi ni iyawa. Takardar sakamako, ta yawon buɗe ido, ta allura, duk ita ce… har yau ba malamin da ya gane.

To wannan fa? Minti ɗaya ba zai ɗauke ta ba ta sa hannun da kanta. Kwana tara…

Da safe tana ɗaura igiyar takalmi ta ce, "Baba, in ba ka so, faɗa min da bakinka. Zan zauna." Kuma za ta zauna ɗin. Za ta tsaya a tagar nan tana miƙa askirim, tana murmushi, ba za ta taɓa yi min gori ba. Na san ta.

Ƙarfe huɗu saura. Biro yana hannuna, na hagun. Kiɗan sai zagayowa yake… R ɗin nan, Nereida, ta ina ma nake fara ta?