Wane Usumanu Ahmadu?

Usumanu Ahmadu uku ne suka yi suna a garin Jos a zamani ɗaya, kuma haɗuwar sunan nan babu wanda ta cuta kamar Malama Raliya. Akwai Usumanu Gola, mai tsaron raga, wanda har yau tsofaffin 'yan ƙwallo ke rantsuwa bai taɓa barin fanareti ta wuce shi ba, ko da yake ƙarya suke shararawa. Akwai Alhaji Usumanu Kansila, wanda ya sauka daga kujera shekara goma sha biyar da suka wuce, amma har gobe in ba ka ce masa Honarabul ba, ba zai juyo ba. Na ukun shi ne mahaifin Raliya, malamin dabbobi, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana hawa duwatsu a kan wani tsohon babur, jakar allura a bayansa, yana yi wa shanu rigakafi da feshi. Shi kuma sunan da gari ya ga dama ya liƙa masa shi ne Usumanu Kaska.

Raliya ta tsani sunan nan tun tana firamare. Ta taɓa fasa wa wata yarinya leɓe a bakin famfo don ta ce mata 'yar Kaska. Da ta girma ta zama malamar makaranta sai ta daina duka, ta koma harara, kuma hararar tata ta fi dukan zafi. Mutumin da ya ceci garken mutane ba iyaka, a rasa abin da za a kira shi da shi sai ƙwaron da ke maƙale a kunnen saniya? Wannan rashin ta-ido ne, kuma ba ta taɓa yafe wa garin ba.

Ranar da mahaifinta ya rasu ma ba a bar ta ta yi kukanta cikin natsuwa ba. An faɗa a rediyo cewa Usumanu Ahmadu ya riga mu gidan gaskiya, sai ga motoci sun yi layi a ƙofar gidan Kansila, shi kuwa yana ciki yana shan kunun gyaɗa. Usumanu Gola ma sai da aka yi wa matarsa ta'aziyya har sau biyu. Mutanen rugage, waɗanda su ne mutanen marigayin, ba su gane wanda ake nufi ba sai bayan kwana huɗu.

Saboda haka da makiyaya da manoma suka haɗa kai suka gina ɗan asibitin dabbobi a bayan Farin Gada, ɗaki biyu da rumfa, suka ce sunansa za su sa, Raliya ta je taron kwamiti da shirinta. Baba Mwadkon, shugaban kwamitin, wani dattijon manomi da mahaifinta ya sha duba wa awaki, ya ce a rubuta Usumanu Kaska, tunda haka kowa ya san shi. Raliya ta miƙe tsaye ta ce duk wanda ya rubuta wannan kalma a bango, ita da shi sai kotu. Mahaifinta yana da sunan yanka, yana da sunan uba, a rubuta su kamar yadda ake rubuta na kowane mai mutunci. Aka rubuta yadda ta ce.

Ana gobe za a buɗe asibitin, ta tashi daga makaranta ta hau keke napep ta je ta gani da idonta. Tun daga bakin titi ta hango harufan, shuɗɗa, manya-manya: ASIBITIN DABBOBI NA USUMANU AHMADU. Zuciyarta ta yi fari. Sai da ta zagayo wata motar kabeji da ta tare mata hanya sannan ta ga abin da ke saman rubutun. Fuska ce, ƙatuwa, ta kusa cinye rabin bangon, da kumatu da tabarau da doguwar hula. Fuskar Kansila ce, tana murmushi.

Mai fentin, wani Munachi, yana gindin tsani yana wanke buroshi. Ya taso da fara'arsa.

"Madam, sannu. Ka ga aiki? Ya yi kyau ko?"

"Wane ne wannan?" ta ce.

"Mai asibiti mana. Oga sakataren kwamiti ya ba ni suna, ya ce in sa hoto. Na buga suna a waya, mutum biyu ya fito. Ɗaya yana riƙe da bol, ɗaya babban riga. Na ce ɗan bol ba zai yi asibiti ba."

"Biyu? Na ukun fa?"

"Babu na uku, Madam. Duba da kanka."

Ya miƙo mata wayar. Ta zura yatsa sama da ƙasa. Ga Gola ya yi tsalle, ga Kansila yana raba buhunan shinkafa, ga Kansila a wajen biki, ga Kansila kuma. Shekara talatin da ɗaya na hawan dutse, ko layi ɗaya babu. Ta mayar masa da wayar da ƙarfi har ta kusa faɗuwa cikin bokitin fenti.

Baba Mwadkon ya fito daga ciki yana jan ƙafa, kuma tun daga yadda yake kauce wa idonta ta san akwai saura. Ashe takardar gayyata da aka rubuta wa iyalan Usumanu Ahmadu, mai keken da aka aika bai tsaya tambaya ba, ya kai ta babban gida mai baƙin get da kowa ya sani. Kansila ya karɓa, ya aiko da godiya, ya ce shi da kansa zai zo ya yanke ƙyalle.

"Baba, a goge fuskar nan yanzu," in ji Raliya.

"'Yata, wa zai goge? Babban mutum ne. Ɗazu yaransa sun zo sun ɗauki hoto a gabanta. In muka shafe ta, rigimar da za ta biyo baya asibitin nan ba zai buɗu ba."

"Kun manta wanda ya sayar da ramin wankan shanu aka gina shaguna? Kun manta Babana ya yi ta zarya ofishinsa wata uku yana roƙo, ya bar shi a kan benci? Shi ne za ku ɗora a kan sunan ubana?"

"Ba mu manta ba." Tsohon ya ƙara da cewa a hankali, "Mu dai mun faɗi sunan da za a sa. Ke kika hana."

Maganar ta soke ta, kuma don ta soke ta sai ta ƙara harzuƙa. Ba ta ko yi masa sallama ba ta tare wani keken, ta ce gidan Kansila.

Ta same shi a falo, tela na gwada masa sabuwar babbar riga. Ta gaishe shi a tsaye, ta yi bayani dalla-dalla, tana danne zuciyarta. Ya saurare ta yana kallon kansa a madubi.

"Yarinya, me aka rubuta a bangon?"

"Usumanu Ahmadu, ranka ya daɗe, amma…"

"Ni kuma mene ne sunana?"

"Alhaji, ka san ba kai ake nufi ba. Kai da dabbobi ina kuka haɗu?"

"Ni fa takarda aka kawo mini, ban roƙa ba. Allah ya ji ƙan mahaifinki, na san shi, mutumin kirki ne. To amma je ki nuna mini wurin da aka rubuta cewa ba ni ba ne, sai in haƙura." Ya juya wajen telan. "Hannun nan ya yi tsawo."

Ta fito idanunta sun rufe, har sai da mai gadi ya nuna mata ƙofa. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, a kan rubutu dai bai yi ƙarya ba.

La'asar ta wuce ta isa gidansu a Anguwan Rogo. Mahaifiyarta, Inna Kulu, na tsakar gida tana feraye dankali. Raliya ta zube a kan tabarma ta zazzage mata komai, ta zagi mai fenti, ta zagi mai keke, ta zagi sakatare, ta zagi wayar hannu da wanda ya ƙirƙiro ta. Inna Kulu ba ta daina ferayarta ba.

"Kin gama?" ta ce. "To bari in gaya miki. Shekara talatin da tara ina gidan nan. In aka yi sallama aka ce ana neman Usumanu Ahmadu, na san ko takardar ofis ce ko ɓatan kai. In kuwa aka ce Kaska na nan, na san saniyar wani ce ta kwanta, kuma ya baro likitoci a hanya ya zo nan."

"Inna, zagi ne fa."

"Wa ya ce miki? Wani Ardo ne ya sa masa, shekarar da kaska ta kusa ƙarar da garkensa, mahaifinki ya kwana tara a rugar bai dawo ba sai da ya ga bayanta. Da sunan yake taƙama. Ranar da kika fasa wa 'yar mutane baki ne ya shigo ya ce kada a ƙara faɗa a gidan nan, tunda Raliya ba ta so."

Raliya ta tuna yadda baƙi kan fara kiran sunan a zaure, mahaifinta ya yi gyaran murya, su haɗiye. Ita a zatonta kunya yake ji. Ashe ita yake karewa, ita kuma duk tsawon shekarun nan tana ta faɗa da mutane a kan abin da yake so. Wani baƙin ciki ya turnuƙe ta, wannan karon babu wanda za ta ɗora wa.

Washegari ƙarfe bakwai tana bakin asibitin, sanyi na yankan kunne. Ana ta kafa rumfuna ana jera kujerun roba. Ta ce wa Baba Mwadkon kada ya damu, ba za ta taɓa fuskar kowa ba. Ta ce wa Munachi ya kawo jan fenti ya ƙara kalma ɗaya. Da ya ji kalmar sai ya ja da baya.

"Madam, a ƙarƙashin oga? Ni ina da yara."

"To riƙe mini tsani."

Ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta hau. Shekara ashirin ke nan tana rubutu a allo. Ba ta taɓa rubuta kalmar ba, ba ta taɓa furta ta ba sai cikin faɗa. Harafin farko ya ɗan karkace, fenti ya gangaro mata har gwiwar hannu. Ta cije leɓe ta ci gaba, har KASKA ta zauna daram a bayan AHMADU, ja wur, ta fi sauran harufan girma.

Wajen ƙarfe goma wurin ya cika. Makiyaya sun sauko da sandunansu, manoma sun zo da matansu, 'yan kasuwar gwari sun bar tumatir sun leƙo. Wani matashi ya karanta bangon da ƙarfi don waɗanda ba su iya boko ba, sai ka ji wuri ya ɗauka. "Kaska! Ashe Kaska ne!" Tsofaffi suka ɗaga hannu suna addu'a.

Ana cikin haka motar Kansila ta tsaya, bas biyu na yaransa a baya. Ya fito yana baza sabuwar riga, ya ɗaga hannu, ba wanda ya kula shi. Jama'a sun ba shi baya, sun fuskanci hotonsa, suna ta cewa Allah ya ji ƙansa, Allah ya sa ya huta, Allah ya haskaka kabarinsa. Wata tsohuwar Bafulatana ta ƙura wa hoton ido ta ce, "Kai, amma mai zanen nan ya cuci Kaska. Yaushe ya yi wannan kumatun?"

Kansila ya karanta rubutun, ya sake karantawa. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Wa ya yi wannan? Ni ne Kaska? Ni ake wa addu'ar matattu ina tsaye? Ku goge fuskata daga bangon nan! Yanzu-yanzu!"

"Ranka ya daɗe, kai ka ce a goge?" in ji Baba Mwadkon, cikin ladabi.

"Na ce a goge!"

Munachi bai jira a maimaita ba. Ya haye tsani da farin fenti, ya fara daga hula. Kafin ya kai ga tabarau motar Kansila ta juya, bas biyun na bin ta.

Aka tsaya cirko-cirko, ga ƙyalle a ɗaure a ƙofa, ga almakashi a faranti, babu mai yankawa. Sai wani tsohon makiyayi, wanda ya kwana biyu a hanya don ya zo, ya dogara sandarsa ya waiga hagu da dama.

"Wai ba ya bar 'ya ba ne? Ina 'yar Kaska?"

Waɗanda suka san Raliya suka sunkuyar da kai suna jiran tsawa. Baba Mwadkon har ya buɗe baki zai gyara wa tsohon magana. Tana can bayan rumfa, jan fenti ya bushe mata a hannu. Ta ratso kujerun.

"Na'am, Baba," ta ce. "Ga ni."