Rabin Kalma

Wata bakwai ke nan da aka binne Hamdiya, kuma kusan kowace asuba Malam Atu yakan farka da tabbacin cewa matarsa ta zo masa a barci. Tabbacin kawai yake saura. Kafin ya laluba takalminsa mafarkin ya zube.

Abin da yake nema a wurinta ɗaya ne. Da ciwo ya kwantar da ita, ta roƙe shi ya kai ta rugar danginta, can bayan Fakku, ta ga mahaifiyarta. Ya ce ta bari a gama yankan gero. Gero ya shiga rumbu lafiya ƙalau, babu zangarniyar da ta ɓata. Ita kuwa ta cika yana gona, babu wanda ya ce da wani a yafe.

Limamin unguwarsu a Dogon Daji, Malam Mutawakkil, shi ya ba shi dabara.

"Mafarkin asuba ba wasa na ba, Atu, wani yanki na na gaskiya. In ka falka kak ka motsa, kak ka buɗe ido. Riƙe abin da kaj ji, ka maimaita shi har shi zamna."

Ya bi wannan kwana goma sha ɗaya. Ran na sha biyu ya kama wani abu. Ya gan ta zaune bakin rumbu da ƙwarya a cinya, ta ɗago kai ta yi masa magana, doguwa, a natse. Da Fulatanci ta yi ta.

Shekara talatin da ɗaya suka yi tare. A cikinsu Atu ya sauke littattafan fiƙihu, ya iya Larabcin da zai gyara wa liman wasali, amma harshen matar da ke dafa masa tuwo bai taɓa ganin ya kai a koya ba. Ita ta koyi nasa, magana ta ƙare. Daga duk abin da ta faɗa, guntu ɗaya ya maƙale masa a kunne: acca.

Bai ko karya kumallo ba. Ya tari ɗan kabu-kabu zuwa Kebbe, don ranar kasuwa ce, kuma ya san Shaihu, yayan Hamdiya, ba ya fashin kara, kasuwar shanu. Duk ramin da babur ya faɗa sai ya sake maimaita kalmar a ransa, kamar mai ɗauke da ƙwai a tafin hannu.

Ya sami Shaihu jingine da sandarsa, yana kallon wani dillali yana duba haƙoran bijimi. Suka gaisa gaisuwar surukan da rabonsu da juna tun zaman makoki.

"Malam, lafiya? Ko saniya kaz zo saye?"

"Kalma niz zo tambaya, Yaya Shaihu. Mi a acca?"

"Acca? Wadda aka ci?"

"Ta bakinku. Hamdiya taf faɗa min ita cikin barci."

Murmushin ya bar fuskar Shaihu. Ya ja shi gefe, inuwar wata bishiyar bedi, nesa da hayaniyar dillalai.

"Mi ag gabanta? Mi ab bayanta?"

"Ita ɗai nir riƙe."

"To rabi ka ɗauko. In mi accanii ma tac ce, ta yafe maka ke nan. In accam tac ce, cewa ta yi ka rabu da ita, ka bar ta ta huta. Tushensu guda, wato bari. Wutsiyar ita ka rarrabewa."

Atu ya rufe ido a nan gefen kasuwa, yana neman wutsiyar. Da Shaihu ya furta ta farko, sai ya ji lalle ita ce. Da ya furta ta biyu, ita ma sai ta zauna daidai a muryar Hamdiya. Yanzu kuma muryar Shaihu ta hau kan tata ta danne, har guntun da ya taho da shi ya fara shakkarsa.

"Kai ka san halinta," in ji Atu. "Wacce za ta faɗi?"

"Ni shekara sha shida nis san ta. Kai ka yi talatin."

"Don Allah, zaɓa min guda."

"In zaɓa maka in ɗauki alhaki? Inna har gobe tana tambayata ko ɗiyarta ta yi kiranta da za ta cika. Ni ma ban da amsa, kai ad da ita." Ya gyara sandarsa a kafaɗa. "Koma ka yi barci, Malam. In ta dawo ka kasa kunne."

Ya koma. Ya sayi ƙaramin littafi, ya riƙa tare masu tallar nono a bakin tasha yana tambayarsu kalma-kalma, suna dariyar tsohon da ya tashi koyon magana da furfura. Kafin kaka ta kewayo ya iya gaisuwa, ya iya ƙirga, ya iya bambance na yafe da rabu da ni ko cikin hayaniya.

Hamdiya ta ci gaba da zuwa. Yanzu yana tuna komai in ya farka, har launin zanenta. Takan zauna ta dube shi, shi kuma ya jera mata gaisuwa da harshenta, tiryan-tiryan, ya roƙi gafara yadda aka koya masa. Takan saurara har ya kai aya. Ba ta sake buɗe baki ba.