Zakara Mai Jan Zare

Jaji ya tsuguna gaban tasa yana leƙen cikin zakara kamar mai duba ruwa a rijiya.

"Matsa, Malam, inuwarka ta rufe mini wuƙa," in ji matarsa Lauratu.

Tun da likita a Ƙaura ya ce kitse ya yi wa Jaji yawa a jini, Lauratu ta hana shi cin masa. Ita ce kuwa mai masar unguwar. Kullum safe tanda na cuwwa a tsakar gida, ƙamshi na bin sa har ɗaki, shi kuma sai kunu lami.

Ran nan jikarsa Sumayya, mai koyon aikin jinya, ta karanta a waya cewa masu bincike sun ciyar da ɓeraye shinkafar da ta yi tsami, kitsensu ya ragu, ƙananan halittun da ke gyara hanji suka yawaita. Jaji bai yi mamaki ba. Ya daɗe yana kara kunne a bakin tukunyar ƙullu yana jin ta tana numfashi. Abin da ke numfashi ai ba ya shiga ciki ya zauna haka nan.

Ɓera ba abin kiwo ba ne, sai ya sayo zakaru biyu sa'annin juna a kasuwar Shinkafi. Ɗaya ya riƙa ba shi dafaffiyar shinkafa zalla, ɗayan kuma ɗanyen ƙullu mai tsami, ya ɗaura masa jan zare a ƙafa. Lauratu ta yi alkawari in na ƙullun ya fi ƙarancin kitse, ta janye doka.

Yau aka yanka su. Na farkon, kitse rawaya ya lulluɓe masa ƙundu. Lauratu ta farke mai jan zare. Jaji ya sa yatsa ya ɗaga hanjin a hankali, sai ɗan kitse kamar an shafa.

"Kin gani?"

"Na gani. Ko dai ya fi ɗan'uwansa bin kaji ne?"

"Akurki ɗaya suka zauna."

"To, ka ci."

Ya wanke hannu, ya jawo tabarma kusa da tanda. Lauratu ta ɗebi ƙullu da ludayi, ta wuce tandar, ta tsiyaya a tafasasshen ruwa, ta dama, ta miƙo masa a kwano.

"Ina masar?"

"Zakaranka da mai ya ci nasa?"

Jaji ya dubi kwanon. Ko ɗigon mai zakaran bai taɓa lasa ba.

"Dafawar ma alfarma na yi maka," in ji ta.

Ya kurɓa. Tsamin ya kama masa gefen harshe. Ya ɗora tafi a kan tumbinsa, ya karkata kai yana sauraren baƙin da suka sauka.

"Lauratu, in aka soya wa zakara masa fa?"

Ta zuba mai a tanda. "Kasuwar Shinkafi sai Alhamis."