Kaset ɗin da Ya Ƙi Kamawa

"Kai Mas'udu, ba murhu aka ce ka hura ba," in ji Baba Barau daga kan katifa. "Duk ka cika mani kaset da yawu."

Mas'ud ya goge bakin kaset ɗin da gefen rigarsa, ya sake cusa shi cikin na'urar gem, ya danna. Tsohuwar talabijin mai ƙeya, wadda ya jona da batirin solar gidansa, ta watso tsaki-tsaki fari da baƙi, shi ke nan. Magidanci guda, mai mata da 'ya'ya, ya baro shagon ɗinkinsa a buɗe ya zo ya durƙusa yana gumi gaban kayan wasan yara, kuma ko kunya bai ji ba.

Katanga ɗaya ta raba gidajensu a Faskari. Baba Barau ne ya fara buɗe gidan gem a bayan tasha, zamanin da Mas'ud da Nasir, ɗan tsohon guda ɗaya tilo, ke yawo da gajeren wando. Dokar gidan kuwa kowa ya san ta: in kaset ya ƙi kamawa, ba yaron da zai sa masa baki. Baba Barau ne zai karɓa, ya hura a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ya buga shi a cinya, ya ce bisimilla. Bai taɓa ba shi kunya ba. Yanzu ga shi ciwon ƙirji ya cinye numfashin, ko kokon kunu ba ya iya hurawa da kansa.

Tun da 'yan bindiga suka tare motar su Nasir a hanyar Yankara, aka kawo gawarsa, tsohon ya rufe shagon. Ya jera kaset-kaset ɗin cikin akwatin ƙarfe, kowanne a cikin tsohuwar safa, ya tura ƙarƙashin gado. Abdulgafar, ɗan ƙanensa da ke Kaduna, ya taɓa nuna masa a waya yadda mutanen ƙasashen waje ke rububin irin waɗannan tsofaffin kaya. "Su je su tara nasu," in ji tsohon, ya juya kai.

Goggo Hamida, matarsa, ta ɗaga labule ta tsaya.

"Malam, don girman Allah. Yanzun nan Liman zai shigo dubiya. Ya ishe ka da wannan tarkacen a gabanka, mi zai ce? Carbi ya kamata a gani hannunka."

"Ga carbin nan," ya ce, ya ɗaga shi da ƙyar. "Bai hana ba."

Ta dubi hannun gem guda biyu da ke kan tabarma. An ɗaure wayar ɗayan da ƙyallen shuɗiyar atamfa, kuma Mas'ud ya tuna ranar da Nasir ya yago shi daga sabon zaninta, ya sha duka. Ta saki labulen ta koma madafa.

"Zamna kusa, Mas'udu," in ji tsohon. Ya daɗe yana tattara numfashi. "Ba wasan nike so ba, ina ni ina wasa. Kiɗan nan da yake yi in an kunna shi. Nasiru ko noma yake sai ya yi ta rera shi da hanci, har na riƙa kora shi ƙarshen gona. Fuskarshi ina ganin ta. Kiɗan ne ya ɓace mani. Kwana da kwanaki ina nema cikin kaina, babu. Ina son in ji shi kafin in tafi."

Mas'ud ya lalubi kansa, ya ga shi ma babu. Sai abin ya dame shi, don ya yi zaton abin da mutum ya ji kullum yana yaro ba ya barinsa. Ya gwada auduga da fetur, ya gwada tsinken ashana, ya yi bisimilla har da bugun cinya. Talabijin ta ci gaba da yayyafinta.

"Gobe kasuwar Yankara, Baba. Akwai mai gyaran rediyo, zan kai mashi."

"To, Allah shi kai mu," in ji tsohon, yana murmushi irin na wanda ba ya son gardama.

Washegari da hantsi, Mas'ud na tsakar gidansa yana ɗaure na'urar a bayan babur, sai ya ji wata murya ta tsallako katanga. Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, ba kalma ko ɗaya, da hanci kawai. Ta hau, ta sauko, ta ɗan yi tsalle a wurin da ɗan mutumin cikin gem ke tsallake rami. Igiyar ta suɓuce daga hannunsa. Kiɗan ne, ko ɗigo bai ɓace ba. Ashe duk shekarun nan yana cikin kan Goggo, tana daka da shi, tana kwana da shi, shi ya sa ba ta ƙaunar ganin akwatin nan.

Ta kai ƙarshe ta sake farowa. Ana cikin haka kiɗan ya yanke, ya ji tana cewa, "Malam, ka ce La'ilaha illallah." Ya ji muryar tsohon, siririya, ta bi bayan tata. Sai shiru. Mas'ud ya kwance na'urar daga kan babur ya ajiye a inuwa, ya tafi kiran Liman.

Bayan sadakar uku, mutane sun watse, Goggo ta aika aka kira shi. Tana zaune a ƙofar ɗaki cikin mayafin takaba, akwatin ƙarfen na gefenta.

"Abdulgafar ya yi mani maganar kayan nan. Na ce mashi mai su ya riga ya ce naka ne. Ɗauka ka tafi da su."

"Goggo, ai ba ya kamawa."

"Ni ma na sani. Ka dai riƙa fiddo su suna shan iska, haka yake yi in damina ta wuce."

Ya cicciɓi akwatin ya ɗora a kafaɗa. Sai da ya kai zaure ya tuna hannun gem ɗaya ya gani a ciki, ya waiwaya zai tambaya. Ɗayan na kan cinyarta, da ƙyallen shuɗiyar atamfar. Ta ɗora babban yatsanta daidai kan maɓallin da yatsan Nasir ya cinye har ya yi rami, tana kallon kaji na tsince gero a gindin turmi.