Likkafanin Fenda

"Babu," in ji mai kanti, ko kai bai ɗaga ba.

"Ga shi can a bayanka ina kallo," in ji Silli. "Farin yadi, bandir guda."

"Na ce maka babu. Kunnenka ne ya toshe?"

Gundo Sumare na tsaye a gefe da ƙullin sukarinta, ta yi kamar ba ta ji ba. Amma ta ji, har cikin ƙashinta. Namiji ba ya zuwa neman farin yadi da ido jajur haka sai in akwai wanda ake sa ran tafiyarsa, Silli kuwa mutum ɗaya gare shi a kwance: uwarsa Fenda, wadda katanga ɗaya ce ta raba ɗakinta da na Gundo tun suna amare.

"Haba, tsohuwa ce fa," in ji Silli. "Kai ma ta goya ka."

"Ka je ka gaya wa dattawa, ni ba zan ja wa kaina ba. Ba kun ce kun daina zama bayi ba? To ai 'ya'ya ba sa roƙo."

"Ba roƙo na zo ba. Saye na zo."

Mai kanti ya juya ya hau kakkaɓe gwangwanayen madara. Silli ya ɗan jima a tsaye, sannan ya fita cikin yayyafi.

Rigimar ta samo asali ne tun Babbar Sallar bara. Kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni, aka aika Silli ya zo ya feɗe ragunan gidan Sumare, a ba shi wuya da kayan ciki. Sai ya aiko da cewa yana da nasa ragon, kuma shi ba bawan kowa ba ne sai na Allah. Kafin sati gidaje da dama na unguwarsu sun bi bayansa. Dattawa suka zauna suka yanke hukunci: a karɓe gonakin da suke nomawa, kada a sayar musu, kada a gaishe su, kada su taɓa famfon gari, masallaci ma su nemi nasu. Aka kira Fenda aka ce ta tsawata wa ɗanta. Ta durƙusa kamar yadda ta saba, ta cire takalmi, ta ce, "Abin da yaron nan ya faɗa, ni tun ina budurwa yake bakina, tsoro ne ya hana shi fita." Daga ranar Gundo ba ta ƙara jin muryarta ba sai ta kan katanga, in tana yi wa kaji faɗa.

Maganar yadi kuwa, ai gidan bayi ba a ajiye likkafani. Ba a taɓa yi ba. In bawa ya mutu, gidan ubangijinsa ke aikowa da shi, kuma da wannan ƙyallen ne gari ke sanin na wane ne aka binne. Ga rafi ya cika ya tumbatsa, motar birnin Kayes ba ta ƙetarowa, kwalekwalen da ake da shi kuma na dangin maigari ne.

Gundo na isa gida ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado. Can ƙasa, ƙarƙashin zannuwan da ɗanta ke aiko mata daga Faransa, akwai nata likkafanin, wanda ta tsoma a zamzam da hannunta shekarar da ta sauke farali. Ta rungume shi ta nufi ƙofa, sai ta ga Alhaji Birama a zaure, ƙanin mijinta marigayi, wanda shi ne babban gida yanzu.

"Ina zuwa, Yaya Gundo?"

"Fenda ce ba lafiya. An hana su yadi." Ta gyara tsayuwa, ta shirya wa faɗa.

Alhaji Birama ya dubi ƙullin, ya shafa gemu, sai ga murmushi. "Madalla. Kai mata. Ai tamu ce, ba ma yar da namu ba. Amma kada ki bi ta bayan gida, ki bi ta babbar hanya."

Allah sarki Gundo! Har addu'a ta yi masa a ranta, wai zuciyarsa ta yi laushi. Ta bi ta gaban dattawan da ke shan shayi a rumfar dandali, suna binta da kallo, ta shiga gidan da ta yi fiye da shekara ba ta taka ba.

Tako, matar Silli, tana tankaɗe a tsakar gida. Da ta ga Gundo sai ta saki baki, gaisuwar ma da ƙyar ta fito. Ɗakin Fenda na warin hayaƙi da man kaɗanya. Tana kwance a tabarma, ta koma kamar tsinke, ga ƙwaryar kunu a gefe ƙuda na bi.

"Wa nake gani kamar uwar ɗakina?" in ji Fenda. "Ko dai na riga na mutu ne ban sani ba?"

"Rufe min baki, tsohuwar banza. Ke da mutuwa ai sai kin ga bayan kowa."

"Zauna to. Kujera babu, an ƙona ta an dafa dambu."

Gundo ta zauna a bakin tabarma, ta kama hannunta. Sai hawaye. Ta yi niyyar ba za ta yi kuka ba, amma ina.

"Kin tsufa," in ji Fenda.

"Ke kuma kin zama amarya."

Suka yi dariya, ta Fenda ta ƙare da tari. Da ya lafa mata, Gundo ta kwance ƙullin ta shimfiɗa mata a kan ƙirji. "Shafa ki ji. Nawa ne na kaina, na Makka. Ko sarauniya albarka."

Fenda ta shafa, a hankali, da yatsunta masu kanta. Ta daɗe tana shafawa. Sannan ta ture shi gefe.

"Mayar da abinki, Gundo."

"Me kika ce?"

"Uwata da ƙyallen gidanku aka rufe ta. Kakata ma haka. Ni ba za a rufe ni da shi ba."

"Ke Fenda, ki ji tsoron Allah! Ni ce fa. Ni da muka ci a ƙwarya ɗaya ranar da babu mai gani? Ba don ke baiwa ce na kawo ba."

"Na sani. Wallahi na sani. To su waɗancan na rumfa, sun sani? Birama ya ga fitowarki?"

Gundo ta gyaɗa kai.

"Ya hana ki?"

"Cewa ya yi in bi ta babbar hanya."

"Kin ji ko." Fenda ta lumshe ido. "In aka fito da ni cikin wannan, gobe za su ce wa Silli, kun gama hayaniyarku, ga uwarka nan ta tafi a baiwar Sumare. An ƙwace masa gona, an fasa masa kai, duk ya jure. Ni ce zan kwance masa zane a ranar ƙarshe? Na daka muku, na yi muku wanki, na raini 'ya'yanku, ban taɓa cewa a'a ba. Wannan ɗaya ki bar min."

Maganar ta yi wa Gundo zafi ƙwarai, zafin da ya fi na zagi. Ita da ta ɗauko abin da ta fi so a duniya! Ta miƙe tana karkaɗe zane. "To da me za a rufe ki? Da ganyen kuka?"

"Ko da buhu ne, in dai namu ne."

"Taurin kai dai har kabari. Ga shi nan na bari, in kin ga dama ki sa a jefa a rafi." Ta ɗora ƙullin a kan randa ta fice, ko sallama babu.

Washegari da hantsi tana tsintar shinkafa ta ji kukan Tako ya taso ta kan katanga. Tiren ya zame daga cinyarta. Abin da ya fara zuwa ranta shi ne ba ta yi mata sallama ba.

Wannan karon Alhaji Birama tare ƙofa ya yi. "Jiya kin kai kaya, wannan daban. Yau in kin shiga, gaisuwar mutuwa kika je, kin karya dokar gari. Kada ki sa a daina gaishe mu."

"Birama, ina gidan nan aka yi maka kaciya. Matsa min."

Ya matsa, amma ya ce da bayanta, "In kin shiga, ki san inda za ki ci tuwon dare."

Ta tarar an riga an yi wanka. Matan unguwar sun cika ɗakin, kowace da abin da ta samo: wannan farin ɗankwali, waccan mayafin da ya sha wanki har ana ganin hannu ta cikinsa. Silli ya ba da babbar rigarsa ta Sallah an farke ta. Suna ta haɗawa da zare da allura. Ba wadda ta ce wa Gundo zauna, ba kuma wadda ta ce ta fita. Ta samu gefe ta rakuɓe. Ƙullinta na nan kan randa yadda ta bar shi.

Aka gama ɗinki aka naɗe Fenda. Aka ja sama, ƙafafu suka fito. Aka ja ƙasa, furfura ta bayyana. Aka sake juyawa ta kowace fuska, bai kai ba. Fenda doguwa ce, ciwo ya cinye namanta amma bai rage mata tsawo ba. Aka aika gida-gida, ba sauran farin ƙyalle ko na ɗaure yatsa.

Tako ta dubi randa, ta yi ƙasa da murya. "Taki ɗaya kawai. A yanko a sa daga ciki. Wa zai sani?"

Silli na tsugune a bakin ƙofa daga waje, ya ji. Mutumin da aka fasa wa kai bai yi kuka ba, yau ga shi yana sheshsheƙa kamar yaro. "Ku yanka," ya ce. "Suna can rumfa sun zuba ido. Ba zan fita da uwata ƙafa a waje su yi mata dariya ba. Ku yanka kawai."

Wata ta miƙo almakashi. Tako ta sauko da ƙullin.

Ba abin da Gundo ke so a ranta irin a yanka ɗin. Ko ba komai wani abu nata ya bi Fenda, ya zama sallamar da ba ta yi ba. Ta dubi ƙafafun nan, duk kaushi da faso, sai ta ji muryar jiya a kunnenta. Ta miƙa hannu ta fizge ƙullin ta danne shi a cinya.

"Ba za a yanka ba."



"Inna Gundo," in ji Silli, "yanzu kuma rowa za ki yi mana?"

"Kira shi abin da ka ga dama. Ta ce a'a. A gabana ta faɗa, da bakinta. Duk rayuwarta sau ɗaya ta ce min a'a, kuma ba a kan idona za a mayar da ita i ba."

"To mu yi yaya?" in ji Tako cikin kuka.

Lasana ne ya amsa daga tsakar gida, saurayin da ya yi karatu a Kayes, wanda ke ja musu salla tun da aka hana su masallaci. "Akwai mafita," ya ce. "An taɓa yi. Akwai sahabin da mayafinsa ya gaza kamar haka, Manzon Allah ya ce a rufe kansa, a sa masa ciyawa a ƙafafu. Ba abin kunya ba ne."

Silli ya share fuska ya yunƙura zai tashi. Gundo ta riga shi. Ta ajiye ƙullin, ta zare laujen da ke soke a jikin danga, ta fita.

Matar gidan Sumare ba ta yankan ciyawa. Aikin bayi ne, kuma tun da aka haifi Gundo ba ta taɓa riƙe lauje ba. Ta bi ta gaban rumfa da shi a hannu, masu shayi suka tsaya da kofuna a iska. Wani ya ce, "La ilaha illallahu, Gundo ta zare!" Alhaji Birama ya kira sunanta, ya sake kira. Ba ta waiwaya ba. Ta je gindin katanga inda ruwan indararo ke zuba, inda ciyawa ta yi kore shar, ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo. Riƙon farko ta kama laujen a baibai. Ta gyara, ta ja, ta yanki yatsa, ta tsotse jinin ta ci gaba. Sai da ta tara abin da zai cika hannu biyu, sannan ta dafa katanga ta miƙe, zanenta duk taɓo.

Da ta koma ɗakin matan suka buɗa mata hanya. An rufe kan Fenda, an ɗaure. Tako ta miƙo hannu za ta karɓi ciyawar.

"Dakata," in ji Gundo. "Akwai ƙarangiya a ciki."

Ta zauna a ƙasa daidai ƙafafun, ta baza ciyawar a cinyarta. Maza na jira a waje da makara, yayyafi ya sake saukowa a kan rufin kwano. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana tsince ƙayar ɗaya bayan ɗaya, tana shafa kowane zare da yatsa kafin ta ɗora shi.